Shirun Malam Maharazu

A Unguwar Marke, wani ƙauye da ke bayan Maska in ka sauka daga kwalta ka bi burji, ba a shuka sai Malam Maharazu ya yi shiru.

Ba doka ba ce, babu mai unguwar da ya kafa ta. Amma shekara talatin ke nan, duk safiyar da ta biyo bayan ruwan farko, magidanta kan taru a gonar bayan gidansa, kowa da sungumi a kafaɗa, su tsaya jira. Shi kuwa daga masallacin asuba yake wucewa. Ya taka gonakin tudu, ya gangara bakin fadama, ya ratso ta jar ƙasar da ke gefen makabarta, duk da sauri kamar wanda aka biyo, sannan ya dawo yana haki ya tsuguna a gabansu. Sai ya tona rami da hannu har ya tarar da busasshiyar ƙasa, ya auna inda danshi ya tsaya. In a tafin hannu ya tsaya, ruwan yaudara ne. In ya haura wuyan hannu, to akwai magana. Ya damƙi ƙasa ya dunƙule, wata shekara ya goge hannun a gwiwa, wata shekara ya mayar da ƙasar cikin raminta, ya ɗaga kai ya dubi gabas. Daga nan sai shirun ya sauko.

Idonsa a buɗe, amma ba kowa yake kallo ba. Leɓɓansa na ɗan motsi, yatsunsa na murza juna a hankali. Ko tari ba mai yi. Bayan kamar numfashi goma sai ya ƙifta ido ya ce, "A shuka," ko ya ce, "A dakata." Iyakar maganar ke nan, kuma a kanta gari ke ɗora abincin shekara.

Wasu sun ce addu'a ce da kakansa ya bar masa. Wasu sun ce ƙasa yake saurare. Har Maguzawan ƙetaren rafi, masu nasu hanyoyin, sukan turo a ji abin da ya ce. Abin da ba su sani ba shi ne, Maharazu bai fi su sanin abin da ke cikin shirun ba. Bai taɓa ganin cikinsa ba. Shi dai yakan ga tsuntsu a kan reshe, sai kuma ya gan shi can sama, bai ga tashinsa ba. Da haka yake gane an sake yanke masa wani abu daga ranar.

Tun yana yaro abin yake tare da shi. A firamare malami zai ce, "Bakwai sau biyu," sai kawai ya ji aji na amsawa, "Ashirin da takwas." Haka zai riƙe, haka zai faɗa in an tashe shi, haka zai sha bulala. Bai san cewa tsakanin tambayar da amsar an wuce layi biyu ba. Yara suka sa masa Gyangyaɗi. A aji huɗu ubansa ya gaji ya cire shi, ya miƙa wa kakansa Isyaku, ya ce tunda kan ba ya riƙe karatu, ko hannu zai riƙe fartanya.

A gona ne Maharazu ya fara samun abin da ba ya guje masa. Magana in ka rasa tsakiyarta ta tafi ke nan. Ƙasa kuwa, in an ɗauke ka an dawo da kai, tana nan a hannunka yadda ka bar ta. Tsoho Isyaku ba mai yawan bayani ba ne. Yakan kama hannun jikan ya tura cikin rami ya ce, "Ji." Shekara goma sha biyu yana cewa "Ji," har ya rasu.

Maharazu yana da shekara ashirin da shida aka yi wata damina mai ruɗi. An yi ruwa mai ƙarfi da wuri, gari ya ɗauki sungumi. Wasu dattawa suka biyo ta gonarsa suka tarar da shi tsugune, suka tambaye shi, rabi da wasa, abin da jikan Isyaku ya gani. Shirun ya kama shi a gabansu. Da ya dawo ya ga idanu a kansa, kunya ta rufe shi, ya faɗi abin da ke bakinsa: "A dakata." Waɗanda suka dakata su kaɗai suka tsira da irinsu, domin sai da aka yi kwana ashirin ko yayyafi babu. Daga wannan shekarar babu wanda ya sake cewa Gyangyaɗi. Aka koma Malam.

Ya karɓi sunan, bai gyara wa kowa zance ba. Wa zai gyara? Abin da aka doke shi a kansa yana yaro, shi ne yanzu ake tashi a ba shi tabarma saboda shi. Sai dai akwai wata ɗabi'a da ya ɗauka wadda mutane suka fassara da dattaku: in ya ce a shuka, shi ba ya shuka sai bayan kwana biyu. Ana cewa Malam yana bari talakawa su riga shi samun albarka. Gaskiyar ita ce tsoro yake ji. Yana so ya ga ko sama za ta gaskata bakinsa kafin ya zuba nasa irin. Bai taɓa faɗa wa kansa haka da kalmomi ba, amma duk shekara sai ya samu dalilin da zai sa sungumin nasa ya buƙaci gyara.

Bara bayan girbi ya ɗauko matarsa Shafa'atu a babur za su gaisuwa Bakori. Yana ganin kwalbati a gabansa, sai kuma ya ga sama, da ƙafar babur tana juyawa a kan fuskarsa. Shi ya ƙuje gwiwa. Ita ta karye a wuyan hannu. Ya ce wa waɗanda suka taru akuya ce ta gitta.

Ɗiyarsu ta uku, Firdausi, tana aiki a wani ƙaramin asibiti a Bakori. Ita ta raka uwar aka ɗaure hannun, sannan ta fito ta same shi a kan benci.

"Baba, akuyar nan wace iri ce?"

"Ja ce. Babba."

"Inna ta ce baƙa ce, da 'ya'ya biyu."

Ya dubi takalminsa. Firdausi ta zauna nesa kaɗan, ta rage murya.

"Baba, ina aji uku na taɓa kawo maka ruwan alwala, ka miƙo hannu ka tsaya, buta ta ƙare a ƙasa ba ka sani ba. Na ɗauka zikiri kake. Yanzu na yi karatu, na daina ɗauka."

"To me kike ɗauka?"

"Ba ni zan faɗa ba. Mu je Zariya a duba."

Sai da ta yi wata guda tana binsa da maganar. Abin da ya karya shi ba maganarta ba ce, hannun Shafa'atu ne, da yadda take tuƙa tuwo da hagu ba ta ce masa komai ba.

A babban asibitin Zariya aka umarce shi ya zo ranar gwaji ba tare da ya yi isasshen barci ba. Wannan ya ba shi mamaki, domin duk daren da aka yi ruwan farko shi ma ba ya runtsawa, kwana yake yana sauraren ruwa a kan kwanon ɗaki. Aka sa shi ya cire hula a gaban likita mace, Dakta Ummukulsum, wadda ba ta girmi Firdausi da yawa ba. Wani ma'aikaci ya bi kansa yana shafa wani abu mai sanyi yana manna wayoyi, sun fi ashirin, duk sun tafi cikin wata na'ura. A allon kwamfuta layuka suka fara gudu, ɗaya bisa ɗaya, kamar kunyoyin gona in ka hango su daga kan tudu.

"Rufe ido, Baba. Buɗe. To yanzu ka yi ta jan numfashi da ƙarfi, kamar wanda ya yi gudu, sai na ce ya isa."

Ya yi ta ja. Yana tunanin gangaren fadama, da yadda yake dawowa yana haki duk shekara. Sai ya ga Firdausi, wadda ɗazu take tsaye bakin ƙofa, tana kusa da gadon ta riƙe bakinta da gyale.

"Baba," in ji likitar, "na faɗa maka sunan wani amfanin gona yanzu na ce ka riƙe. Mene ne?"

"Ba ki ce komai ba, 'yata."

"Na ce gyaɗa. Sau biyu."

Da aka cire wayoyin ta juyo da allon ta mayar da layukan baya. Ta ce ƙwaƙwalwa ba ta taɓa zama shiru, ko mutum na barci. Kullum tana bugawa da wata 'yar wuta da ba a ji, kuma bugun ne na'urar ke zanawa. Ta nuna masa inda ya rufe ido: layukan bayan kai sun yi lanƙwasa masu kyau, kamar sau goma a daƙiƙa, alamar hutu. Ta nuna inda ya buɗe ido yana sauraren ta: sun ƙanƙance, sun yi sauri, kowane layi da tafiyarsa.

"Ka taɓa tsayawa ka ga mata suna lugude? Turmi ɗaya, taɓarya uku ko huɗu, wannan na sauka wannan na tashi. Haka sassan kai ke aiki. Mai ji da mai gani da mai tunawa, kowa da lokacin saukarsa, kuma saboda sun san lokacin juna ne abin da kunne ya ɗauko ke isa inda za a ajiye shi. A nan ake koyo. A nan ake yanke shawara."

Ta matsar da hoton gaba. Nan take duk layukan, daga na sama har na ƙasa, suka tashi tare suka faɗi tare, manya-manya, tamkar an bi gonar da garma ɗaya.

"Nan kuma duk taɓaren suka sauka lokaci ɗaya. Sau uku a daƙiƙa, har daƙiƙa goma sha takwas. In haka ta faru ba abin da ke dakuwa. Ba ji, ba ajiya, ba tunani."

"Sunan abin fa?" Ya tambaya ne saboda ya lura Firdausi ta kawar da kai.

"Wani nau'i ne na farfaɗiya. Ba mai kayar da mutum ba. Ba aljanu ba ne, ba a ɗauka a kwano ko a tabarma. Rashin barci da haki suna tayar da shi, magani kuma yana kwantar da shi. Babur dai ka ajiye tukuna."

Ya san nauyin kalmar. A garinsu mai wannan suna ba a cin tuwo da shi, ba a neman aure a gidansa sai an yi dogon bincike. Amma ba ita ta fi damunsa ba. Ya nuna manyan layukan da yatsa.

"A cikin nan, babu komai ke nan? Ko kaɗan?"

"Babu, Baba."

"Mutum ba zai shiga nan ya fito da wani sani ba?"

Firdausi ta yi wa likitar bayani a taƙaice, na ruwan farko da taron bayan gida. Dakta Ummukulsum ba ta yi dariya ba. Ta mayar da hoton baya kaɗan, zuwa ƙananan layukan nan masu sauri.

"In ka san ƙasa, a nan ka san ta. Kafin abin ya zo ka riga ka gama. Shi dai yana zuwa ne ya katse ka, sai ka farka da abin da ke hannunka."

A mota yana dawowa ya ce a ransa, yarinyar nan ba ta taɓa shuka ko kuɓewa ba.

Maganin ya yi aiki, ƙwaya ɗaya da safe ɗaya da yamma. A wata na biyu ya saurari huɗubar Juma'a tun daga farko har ƙarshe babu giɓi, ya fito yana mamakin ashe haka take da tsawo. Ya gane ashe Shafa'atu ba ta tsallake zance in tana ba da labari, kamar yadda ya shekara talatin yana zargin ta. Ya kamata ya yi murna. Amma da bazara ta kama, zafi ya yi nauyi, gajimare suka fara leƙowa daga kudu, sai abinci ya daina shiga.

Noman ma ba irin na da ba ne. Yanzu masarar kamfani ake shukawa, jan iri mai magani a cikin 'yar leda, wanda ba a ɗebe shi daga rumbu. Kowa ya sayi daidai gonarsa tun rani. In ya mutu a ƙasa, ba kowa ke da na biyu ba.

Ruwan farko ya sauka tsakiyar watan Mayu. Da safe ya yi zagayensa, ya dawo ya tsuguna. Danshi bai wuce tafin hannu ba. Ya jira. Mutane suka jira. Yana jin kukan zakara, yana jin wani na gyara tsayuwa, yana jin komai, babu abin da aka yanke. A cikin kansa kuwa sai gardama ta tashi, irin wadda bai saba ji ba: ai jar ƙasa ta fi haka jiƙa, ai iska ta juya, to in ka ce a dakata aka ci gaba da ruwa fa, to in ka ce a shuka ya ɗauke fa. Da can shirun ne ke zuwa ya share wannan duka, ya bar masa kalma biyu tsaf. Yanzu babu mai sharewa.

"A dakata," ya ce, muryar ba ta fita sosai ba.

Aka dubi juna. Mudi, ɗan kawunsa, wanda wasan taubasantaka ya ba shi damar faɗin abin da ya ga dama, ya dogara da sungumi.

"Bawana, yau ba ka shiga ba."

"Na faɗi abin da na gani."

"Abin da ka gani mu ma mun gani, muna da ido. Wanda kake ɗebowa a can ciki muke so. Ko kuwa tun da ka je Zariya suka cire maka batir?"

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma kafin azahar kusan rabin gari sun shuka, Mudi a gaba. Wani matashi ya ce waya ma ta nuna ruwa jibi.

Kwana goma sha ɗaya sama ta yi fari fat. Masarar ta tsiro, ta kai tsawon yatsa, ta naɗe ganye, ta kwanta. Maharazu ya ɗauka yanzu za a ce ai Malam ya faɗa. Ba haka aka ce ba. A bakin masallaci ya ji ana cewa da ya shiga kamar kullum da babu wanda zai saɓa. Rowa ya yi, ko kuwa an karɓe abin. Mudi ya daina tsokanarsa, wanda ya fi zagi ciwo. Waɗanda suka yi asara suka bi dangi a Dandume da Funtua suka harhaɗo ɗan abin da ya samu. Kowa ya san saura dama ɗaya.

Ranar da hadari ya sake haɗuwa, ƙwayar safe ba ta wuce maƙogwaronsa ba. Ta jiya da yamma ma haka. Ya naɗe su a takarda ya tura a aljihun 'yar shara. Lissafinsa a shirye yake: ba zai yi barci ba, zai yi zagayen da gudu-gudu, shirun zai dawo, gari zai yarda. Haka ya faɗa wa kansa, don gari ne. Firdausi ta gargaɗe shi cewa yanke maganin farat ɗaya kan jawo babbar farfaɗiya, mai kayarwa, a gaban kowa. Ya san wannan. Duk da haka ya fi tsoron ya sake tsugunawa shi kaɗai da gardamar nan.

Bayan la'asar yana zaune gindin rumbu yana kallon gabas tana baƙi, Shafa'atu ta zo ta ajiye kofin ruwa a gabansa. Kusa da kofin ta ajiye 'yar takardar a buɗe.

"Na zo wanke rigar ne, Malam."

Ya dubi ƙwayoyin biyu da ke cikin takardar.

"Wannan karon wa za ka ɗauko a bayan babur ɗin? Garin duka?"

"Ba ki gane ba. Ba da ni suka yarda ba, da shirun suka yarda."

"Kai fa? Da wa ka yarda?"

Iska ta ɗaga ƙura a tsakar gida, kaji suka nufi akurki. Ta zauna a kan turmin da aka kifar, tana murza wuyan hannunta inda ya ɗan karkace.

"Bari in faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba. Tun ina amarya na san ba zikiri ba ne. Mai zikiri in ka ɗauke masa kwano yana sani. Na yi shiru don na ga da shi ake girmama gidan nan, ni ma ina cin girman. Wannan laifina ne, na kuwa biya da hannu." Ta nuna katangar baya da haɓa. "Ka ga inda ta ɗan zube can? Duk shekara a nan nake tsayawa in kun taru. Ban taɓa jiran bakinka ba. In ƙasa ta yi maka, kana dunƙule ta sai ka goge hannu a gwiwar dama. In ba ta yi ba, sai ka mayar da ita ramin ka danne, kamar mai rufe wa yaro bargo. Kafin abin ya kama ka ne kake yi. Ina ganin ka goge gwiwa nake shigowa in fito da iri. Ka taɓa tambayar yadda ake yi kana shigowa ka tarar da shi a ƙofar ɗaki?"

Bai taɓa ba. Ya ɗauka ji take daga hayaniyar mutane.

"Shekara talatin hannunka bai saɓa da bakinka ba ko sau ɗaya. Ran nan ma ka rufe ramin tun kafin Mudi ya buɗe baki, sannan ka zauna kana jiran wanda ba zai zo ba."

Ya dubi hannun nasa, baya da ciki, kamar na aro. Ya tuna ƙananan layukan nan masu sauri da likita ta koma ta nuna masa. Ya tuna tsoho Isyaku yana cewa "Ji."

"In na yi kuskure fa, Shafa?"

"Sai ka yi. Da can ma kai ne za ka yi, ba ka dai sani ba."

Ɗigon farko ya buga kwanon ɗaki. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya haɗiye, ya bar ɗayar kamar yadda Firdausi ta ce a yi in an tsallake. Bayan isha'i Shafa'atu ta ce ya kwanta, ita za ta saurari ruwan ta ba shi labari.

Da safe ya yi zagayen a hankali, har rana ta ɗaga. Da ya iso, taron ya fi na kullum, kuma babu mai fara'a. Ya tsuguna ya tona. Ƙasar tana da sanyi, tana kama yatsa. Tafin hannu ya shige, wuyan hannu ya shige, sannan ya taɓo busasshiya. Bai kai yadda yake so ba. Gardamar ta taso nan take, da ƙarfinta. Ya ga kuma wata hanya a buɗe, mai sauƙi: ya kafe ido, ya motsa leɓe, ya ƙirga goma. Babu wanda zai gane, sai mutum ɗaya a bayan katanga. Ya sunkuyar da kai don ya fara, sai ya ga jan shatin yatsu biyar a kan gwiwarsa ta dama. Bai san lokacin da ya goge ba.

Ya miƙe tsaye.

"A shuka."

Babu wanda ya motsa.

"Shirun da kuke jira ba zai zo ba, bana ko baɗi. Ciwo ne. Tun ina yaro nake da shi, shi ya kayar da ni a hanyar Bakori, ba akuya ba. Likita ta ce ɗan'uwan farfaɗiya ne, ina shan magani. Babu komai a cikinsa, ban taɓa ɗebo muku komai daga can ba. Abin da na sani a hannun nan yake, kuma hannun ya ce a shuka. Zai iya yin kuskure."

Ya ga mutum biyu da ke kusa da shi sun ja da baya, taku ɗaya, kamar ba da niyya ba. Ya san daga yau akwai kwanon da ba za a sake turo masa ba. Wani dattijo ya yi salati a hankali. Wani ya ce, to shekara talatin wa muke bi ke nan?

Maharazu ya juya wajen katanga, ledar jan irin tana kan inda katangar ta zube, an riga an ajiye. Ita ke nan gare shi, babu wata. Ya ɗauko ya farke bakinta da haƙori, ya juye a ƙwarya, ya ɗauki sunguminsa wanda bana bai buƙaci gyara ba. Ya fara sara daga bakin gona, shi kaɗai, yana sara yana dawowa yana jefa iri yana rufewa da diddige. Aikin mutum biyu ne, kowa ya sani. Bayansa shiru. Ya kai rabin layi bai waiwaya ba, gumi na shiga masa ido.

Sai ya ji an fizge sungumin.

"Kawo nan. Layinka kamar tafiyar maciji, mai ciwo kawai." Mudi ne. Bai dube shi ba, ya tofa yawu a tafi ya gyara riƙo. "Yau kai ne a gaba, ba kwana biyu a baya ba. Na lura, bawana, kar ka ɗauka ban lura ba. Bi ni da irin. In masarar ta mutu, mu mutu tare, in samu wanda zan yi wa gori."

Suna kai ƙarshen layi na biyu ya ɗaga kai. Taron ya ragu. Wasu sun nufi gida da sungumansu a kafaɗa, wasu sun nufi gonaki. Bai ƙirga ba.

Kwana huɗu ba a yi ruwa ba. A cikinsu Maharazu ya rame fiye da yadda ya rame duk bazarar. Yakan fita ya tona gefen rami ya ga ƙwayar ta kumbura ta fitar da farin baki, ya rufe, ya dubi sama, ya koma gida ya kasa zama. Babu ko daƙiƙa ɗaya da aka ɗauke masa. Duk ya zauna a cikinsu. Ran na biyar da hantsi gabas ta haɗe, aka yi ruwa har ya kwanta a kwari.

Yana tsaye a zaure yana kallo, Shafa'atu ta leƙo daga ciki.

"To, sai ka ci abinci yanzu."

"Baɗi ma haka zan sha ke nan," ya ce. "Duk shekara."

"Haka kowa ke sha, Malam. Tuwon na hucewa."